Ruwan Tiga da barazanar fari: Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar watan Maris, lokacin da zafin rana ya ƙone ciyawa ya busar da kududdufai, da zarar ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura zai ga abin da ba kasafai ake gani a ƙasar Hausa a irin wannan lokaci ba. Hagu da dama kore ne shar, ga alkama ta yi zangarniya tana jiran lauje, ga shinkafar rani an dasa ta tana tsaye cikin ruwa, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan ana lodin su zuwa kudu. Baƙon da bai san dawan garin ba sai ya ɗauka damina ce ba ta ɗauke ba a wannan yanki. Alhali kuwa ruwan da yake gani damina ce da ta wuce, aka tare ta a madatsar ruwa ta Tiga, ake sako ta a hankali ta hanyoyin ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam.

To, a nan tambayata take, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Idan Allah Ya jarrabe mu da gajeriyar damina shekara biyu a jere, kamar yadda aka gani a 1972 da 1973, aka sake gani a 1983 da 1984, har Tiga ta kasa cika, wa za a fara rage wa ruwa? Mai shinkafa ko mai alkama? Manomin Kura ko mai famfo a birnin Kano, ko kuwa masunci da makiyayin Haɗeja da Gashuwa? Kashi nawa za a rage, kuma wa zai yanke hukuncin? Injiniyoyi suna da jadawalinsu na sakin ruwa, wannan gaskiya ne, amma ƙa'idar da manomi bai taɓa jin ta ba, bai kuma sa baki wajen tsara ta ba, ranar da aka zo aiki da ita zalunci zai kira ta. Ra'ayina shi ne, dokar rabon ruwa ta shekarar fari yanzu ya kamata a rubuta ta a bayyana wa kowa, tun dam yana cike kuma zukata suna kwance.

Idan mai karatu zai iya tunawa, wannan gagarumin aiki ya samo asali ne a zamanin gwamnan tsohuwar Jihar Kano na farko, marigayi Alhaji Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. An fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan ƙaramar madatsar Bagauda, sannan aka gina Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, wato ana tsakiyar ginin ne babban farin nan ya auka wa ƙasashen Sahel. A 1973 ruwan saman da aka samu a Kano kimanin rabin abin da aka saba samu ne, dabbobi suka yi ta mutuwa, magidanta suka bar garuruwansu. Saboda haka mutanen da suka gina Tiga sun san fari ido da ido. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya zana tsarin gonakin, inda aka yi niyyar shayar da hekta 22,000 a kashin farko, daga bisani kuma aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976.

Hikimar tsarin ita ce ba ya bukatar inji ko man fetur. Ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga ta babban kanal, ya bi ta tafkin Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da reshen yamma, daga nan ya shiga ƙananan hanyoyi har bakin gona, inda manomi zai sa bututun roba ya zuƙo shi cikin kunya. An kuma yi tafkunan ajiyar dare, domin ruwan da ke tafe bayan manoma sun koma gida ya taru a yi amfani da shi da safe. Sai dai kowace ƙofa da kowane kanal an auna faɗinsu ne bisa wani lissafi: yawancin gonaki za su noma alkama da kayan lambu da rani, kowane yanki zai sha ruwa a ranarsa, kuma za a riƙa yashe hanyoyin a kan kari. Shekara hamsin ke nan da yin wannan lissafi, kuma abubuwa uku sun sauya a cikinsa.

Abu na farko shi ne amfanin gonar kansa. Kura ta zama cibiyar shinkafa, daga noma zuwa turara da casa da fatauci, kuma shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a 2015, tare da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun ƙara ingiza mutane cikin nomanta. Ba wanda zai ga laifin manomi don ya bi abin da ke kawo masa kuɗi. Amma shinkafa mashayiya ce. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta ƙiyasta cewa a matsakaici akan zuba wa gona ruwa kimanin lita 2,500 kafin a samu kilo ɗaya na shanshera. A lissafin 'yan garuwa, jarka 100 ke nan mai cin lita 25, ke nan buhu guda mai kilo 100 ya tashi a kan jarka 10,000. Gaskiya ne wani ɓangare na wannan ruwa yana nutsewa ƙasa ya koma rijiyoyi da kogi, to amma daga Tiga aka sako shi, kuma a ranar da ake bukatarsa a ƙarshen kanal ba ya nan.

Abu na biyu shi ne bakunan da ke jiran ruwan sun ƙaru. Birnin Kano, wanda ƙiyasi ya nuna mazaunansa sun haura miliyan 4, yana sha ne daga matatun Challawa da Tamburawa, su kuma suna ja daga kogunan da Tiga da madatsar Challawa ta Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, suke sakar wa ruwa. Sabuwar matatar Tamburawa kaɗai, da aka gina a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an tsara ta ne ta tace lita miliyan 150 a rana. Ga aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke yankin Auyo. Ga tashar lantarki mai megawat 10 da gwamnatin jiha ta gina a jikin Tiga. Ga kuma ɗimbin manoman da gonakinsu ba sa cikin taswirar asali, amma sun kafa injunan ban-ruwa a gefen kanal da magudanai suna ja. Bugu da ƙari, lokacin da Audu Baƙo ya gina Tiga, Haɗeja da Ringim da Auyo duk Jihar Kano ne. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa da Yobe a 1991, abin da a da gwamna ɗaya zai yanke a ofishinsa ya koma maganar gwamnoni da yawa, kowanne da jama'ar da za ta tuhume shi.

Abu na uku, randar ita kanta ta rage ci. An gina Tiga ne ta ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 1.9, kuma kubik mita guda daidai yake da ganga biyar ta lita 200. Amma bayan ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988, hankalin masana ya koma kan lafiyar jikin Tiga, kuma a 1992 aka rage tsayin mafitar rarar ruwanta domin sauƙaƙa mata nauyi, abin da ya rage yawan ruwan da take iya riƙewa sosai. Har ila yau, kowace damina ruwa yana gangaro da yashi da laka daga tuddan Riruwai da dajin Falgore ya jibge a gindin dam, kuma gwargwadon yadda ake sare itatuwan can, gwargwadon yadda lakar ke ƙaruwa. Sannan ga rana da iskar hunturu suna shan nasu kason ba tare da neman izinin kowa ba: duk mita ɗaya da ta ƙafe a kan faɗin murabba'in kilomita 100, an yi asarar kubik mita miliyan 100 ke nan.

Na san wani zai ce, Malam, ambaliya ce ke damun mu a 'yan shekarun nan, me ya kawo maganar fari? Lallai ba mu manta da ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa ba, haka nan ɓallewar madatsar Alau da ta nutsar da Maiduguri a Satumban 2024. To amma ambaliya da fari 'yan gida ɗaya ne. Ruwan sama ya farfaɗo a Sahel idan aka kwatanta da shekarun 1980, sai dai ya zama maras alkawari, ya zubo da yawa cikin 'yan kwanaki, sannan ya ɗauke ƙafa a lokacin da shuka ta fi bukatarsa. Mai kula da dam kuwa yana tsaka mai wuya. Idan ya riƙe ruwa da yawa a Agusta yana tsoron ɓallewa, idan ya saki da yawa kuma damina ta tsaya da wuri, ya shiga rani da randa rabi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A farkon 2018 ruwan madatsar Goronyo da ke Jihar Sakkwato ya ja baya har hukumar da ke kula da ita ta bayyana cewa abin da ya rage kimanin kashi 10 ne cikin 100, aka shiga fargabar ruwan sha a birnin Sakkwato, manoman rani suka rasa tudun dafawa. Kafin wannan, akwai aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi a yankin Marte, wanda aka kashe maƙudan kuɗi a kansa bisa zaton tafkin ba zai gusa ba. Da farin shekarun 1980 ya zo, sai tafkin ya janye ya bar hanyar ɗebo ruwan a kan busasshiyar ƙasa. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu bari mu shiga cikin gonakin, domin a can ne ainihin matsalar take. Duk wanda ya san Kura da Bunkure ya san manoman rani iri biyu ne, na kan kanal da na wutsiyar kanal. Na kai ruwa ne ke fara isa gare shi, sai ya cika gonarsa ta tumbatsa, rarar ta bi magudana ta tafi, wani lokaci ma ya bar bututu a kafe ya tafi gida ya kwana. Idan ruwa ya ja baya kaɗan, sai a jera buhunan yashi a tare kanal. Na wutsiya kuwa jira ne nasa. Wani dattijo da gonarsa ke can ƙarshen wata hanyar ruwa ta yankin Bunkure ya taɓa ce mini, “Ɗana, ni fari ba baƙona ba ne, duk shekara sai ya kwana a gonata, alhali ina jin ƙarar ruwa a gonar maƙwabcina.” Ya ce dole ta sa ya haƙa rijiyar bututu ya sayi inji, yana biyan kuɗin ruwa kuma yana sayen fetur. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, kowa ya san abin da wannan ke nufi ga aljihun talaka.

Wannan ne ya sa nake ganin kiraye-kirayen da akan yi a rediyo da tarurruka cewa manoma su riƙa tattalin ruwa ba za su yi tasiri su kaɗai ba. Kuɗin ruwa a wannan aiki bisa faɗin gona ake biyansa a kowane zango, ba a auna abin da mutum ya sha. Wanda ya zuba ruwa daidai bukata da wanda ya mai da gonarsa tafki kuɗinsu ɗaya idan faɗin gonarsu ɗaya. Idan manomin kan kanal ya yi tattali, ribar tana tafiya ga wani da bai sani ba, shi kuwa bai ga ko sisi ba, kuma ba shi da tabbacin cewa idan ya bar ruwa ya wuce yau zai same shi jibi. Rashin tabbas shi ke haifar da haɗama. Mutumin da bai san ranar da ruwa zai sake zuwa ba, duk ranar da ya gan shi sai ya sha har ya ƙware.

Abin takaici kuma, yawan ruwan yana cutar da mai yin sa. Bincike daban-daban da masana aikin gona suka gudanar a wannan yanki sun nuna ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama a wasu sassa, ƙasa ta jiƙe ta daina numfashi, wasu wuraren har kanwa ta fara fitowa. Alkama da tumatir ba sa son ƙafarsu cikin ruwa. Takin zamanin da manomi ya saya da tsada kuwa, ruwan da ya wuce kima shi ke wanke shi ya kai magudana, inda zai ciyar da ciyawar da za ta toshe hanyar ruwan.

Daga nan sai mu dubi waɗanda ke ƙasa da mu baki ɗaya, domin idan Bunkure wutsiyar kanal ce, to Haɗeja da Nguru da Gashuwa da Gaidam su ne wutsiyar kogi. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke shiga dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta yankin Diffa zuwa Tafkin Chadi. Madatsun nan biyu suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja. Kafin a gina su, kogin yakan cika ya malale fadamu da damina, ya ja baya da rani, kuma a kan wannan numfashi nasa noman fadama da su da kiwo suka dogara. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki, wasu garuruwa ruwa ya mamaye gonakinsu, wasu kuma ya daina isa gare su. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna amfanin da ake samu daga ruwa a wannan dausayi, suka gano cewa a kan kowane ma'auni na ruwa ya zarce abin da ake samu a gonakin Kogin Kano nesa ba kusa ba. Ko da mutum yana da ja a kan lissafinsu, ya isa ya tuna mana cewa ruwan da ya wuce Wudil abincin wasu ne, ba asara ba ce.

Ba za a ce ba a yi yunƙuri ba. A 2006 jihohi shida da ke cikin wannan kwari, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun haɗu a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, daga baya kuma aka tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 domin shirin TRIMING, wanda a ƙarƙashinsa aka gyara hanyoyin ruwa da ƙofofi a aikin Kogin Kano da na kwarin Haɗeja da Bakolori da sauransu, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa karɓar kuɗi suna kula da ƙananan hanyoyi. A Satumban 2024 bankin ya sake amincewa da wata dala miliyan 500 domin shirin SPIN mai kula da lafiyar madatsu da noman rani. Duk wannan abin a yaba ne, sai dai bashi ne da jikokinmu za su biya, kuma siminti ba ya raba ruwa da adalci, mutane ne ke rabawa.

A nan akwai darasi daga Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa da dama suka yi rayuwarsu a gonakin Jazira, ɗaya daga cikin manyan ayyukan noman rani na Afirka, wanda ya dogara da madatsar Sennar tun 1925. A 2005 an yi doka da ta sakar wa manomi mara ya shuka abin da ya ga dama, ta kuma miƙa kula da ƙananan hanyoyin ruwa ga ƙungiyoyin manoma. Da yake an ba su nauyi ba tare da isasshen kuɗi da horo da ikon hukunta mai laifi ba, sai jadawalin shuka ya watse, hanyoyi suka cike da laka, na wutsiya suka fi kowa shan wuya. Ƙungiyar da ba ta iya cin tarar mai kuɗin da ya tare kanal, suna kawai ta tara.

To mene ne abin yi? Na farko, a fito da lissafin ruwa fili. A ƙarshen Oktoban kowace shekara, kafin a fara shukar alkama a tsakiyar Nuwamba, hukumar kogunan ta zauna da ma'aikatun ruwa da na gona na Kano da Jigawa da Yobe, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da hakimai da wakilan makiyaya da masunta, a faɗi abin da ke cikin Tiga da Challawa, a faɗi hekta nawa zai iya shayarwa. Daga nan kowane mako gidajen rediyon Kano su riƙa sanar da matsayin ruwan kamar yadda suke sanar da farashin hatsi a kasuwar Dawanau. Lokacin da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya kusa ƙafewa a 2018, har aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, babban abin da ya sa jama'a suka ba da haɗin kai shi ne ana nuna musu matsayin madatsunsu a kai a kai, kowa yana ganin gaskiyar lamarin da idonsa.

Na biyu, a rubuta matakai uku a manna su a ofishin kowace ƙungiya da ƙofar kowane dagaci. Idan ruwa ya kai alama ta farko, kowa ya noma abin da yake so. Idan ya tsaya a ta biyu, a taƙaita faɗin shinkafar rani, a karkata ga alkama da masara da albasa da tumatir, a tsaurara ranakun ban-ruwa. Idan ya faɗo ta uku, a dakatar da shinkafar rani ta wannan shekara gaba ɗaya. A kowane mataki ruwan shan mutane da dabbobi ne a gaba, sai wani kaso da aka amince ba za a taɓa hana mutanen Haɗeja da Yobe ba, sannan gona, ita kuwa lantarki ta bi ruwan da aka saka domin waɗannan bukatu. Amfanin sanarwa da wuri shi ne manomi bai riga ya ci bashin iri da taki ba. Hana mutum shuka a Nuwamba abu ne mai ciwo, amma yanke masa ruwa a Maris bayan shinkafa ta ɗauki ciki karya shi ne. Kuma wanda aka hana nomansa domin birni ya sha, haƙƙinsa ne a sassauta masa bashi, a tallafa masa da irin abin da zai maye gurbi.

Na uku, a gyara rabon cikin gida. A kafa ma'aunin ruwa a ƙofar kowane yanki, allo mai lamba da kowa zai iya karantawa, a ba kowane yanki kasonsa na zango, kuma a lokacin ƙaranci a riƙa fara ban-ruwa daga wutsiya a dawo kai. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu sun san cewa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da wasu magudanan ruwa biyu na Madina, cewa na sama ya riƙe ruwa iyakar idon sawu sannan ya sakar wa na ƙasa da shi. Ashe tun tuni shari'a ta sa wa na kan kanal iyaka. Limaman Juma'a na Kura da Bunkure da Garun Malam za su yi babban aiki idan suka tunatar da jama'a cewa tare ruwan maƙwabci cin haƙƙi ne kamar cin iyakar gona.

Na huɗu, a sa tattali ya zama riba. Kuɗin ruwan shinkafa ya fi na alkama da kayan lambu gwargwadon bambancin shansu, kuma yankin da ya kammala zango bai cinye kasonsa ba a rage masa kuɗin zango mai zuwa. Kuɗin da aka tara a karanta lissafinsa a gaban manoma, su ga an yashe kanal da shi. Idan aka yi haka, dabarun rage shan ruwa za su samu masu saurare. Akwai dabarar da aka jarraba a ƙasashen Asiya da wasu sassan Afirka, wadda ba ta bukatar komai sai guntun bututun roba mai tsawon santimita 30 da aka huhhuda aka kafa a gona. Manomi zai bar ruwa ya janye, ba zai sake ban-ruwa ba sai ya leƙa ya ga ya sauka kimanin santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, in ban da lokacin da shinkafa ke fure, wanda ake barin ta cikin ruwa. An tabbatar wannan yana rage shan ruwa har zuwa kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. Haɗa da daidaita doron gona da shuka iri mai saurin nuna a lokaci guda, ruwan da za a tsimi ba kaɗan ba ne. Amma sharaɗin wannan dabara shi ne manomi ya tabbata ranar da ya bukaci ruwa zai same shi, wanda ya sake mai da mu kan maganar jadawali da amana.

Daga ƙarshe, kada birni ya ɗora wa ƙauye dukan nauyin. Ba adalci ba ne a ce wa manomin Bunkure ya bar shinkafa alhali fasassun bututu suna malala a titunan Kano, masana'antun Challawa da Sharaɗa kuma suna zubar da dagwalon da ke lalata ruwan kogi, domin ruwan da aka gurɓata daidai yake da ruwan da aka zubar. Haka nan kare dajin Falgore daga masu gawayi da masu sarar itace aikin ruwa ne kafin ya zama aikin gandun daji. Su ma masu sanya injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ya zama mafita ga mutane da yawa bayan tsadar fetur, ya kamata a sa ido a kan yawan rijiyoyinsu, tun da injin da ba ya cin mai ba ya tuna wa mai shi ya kashe shi.

Kakanninmu sun ba yunwar 1913 zuwa 1914 suna Kakalaba, iyayenmu kuma har gobe suna ba da labarin 1973. Abin da ya bambanta mu da su shi ne mu an bar mana gadon randa mai ɗaukar damina guda ta kai mu wata. Alhakin da ke kan gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe, da hukumar kogunan, da sarakuna da shugabannin manoma, shi ne su zauna a ƙarshen daminar bana su amince da alamomin nan uku da kason kowa, su sa hannu, a karanta wa jama'a da Hausa. Idan aka bari sai ruwa ya ja baya sannan aka kira taro, mai ƙarfi da mai uwa a gindin murhu ne za su sha, dattijon wutsiyar kanal da masuncin Nguru su tashi a tutar babu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin tanadi tun da sauran lokaci.